Yadda Za Ki Kula da Baƙin Famfon Banɗaki Marar Sheƙi Ba Tare da Kin Kashe Masa Launi Ba

Wata 3 kacal da tarewarmu, baƙin famfon da ke wajen wanke hannu a banɗakina ya koma kamar wanda aka yayyafa wa kunun kanwa. Fararen ɗige-ɗige tun daga bakinsa har gindi. Na sa sabulu, suka ɓace, ya bushe, suka dawo. Ran nan haushi ya kama ni, na ɗauko soson ƙarfen da nake dirje tukunya da shi. Tabon kam ya fita. Amma a wurin da na dirje sai ga wani fili yana ƙyalli kamar goshin da aka shafa wa mai, a gefen hannun kuma wani siririn layi ruwan ɗorawa ya leƙo. Garin gyaran gira na rasa ido. Har yau famfon yana nan da tambarinsa, kuma a kansa na koyi duk abin da zan faɗa miki.

Baƙin nan fata ce, ba ƙarfen ba ne

Jikin famfo mai kyau tagulla ne ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Na araha kuwa galibi haɗin tutiya ne, shi ya sa za ki ji shi sakayau a hannu. Baƙin da kike gani rufi ne aka yi masa daga waje. Wani fentin hoda ne, a fesa shi da ƙarfin lantarki ya manne, sannan a gasa shi a zafin da ya kai digiri 180 zuwa 200, kaurinsa bai fi na silin gashi da wani abin kirki ba. Wani kuma da lantarki ake ɗora masa launin a cikin ruwan magani. Akwai wanda ake kira PVD, wato rufin da ake yi da tururin ƙarfe, wanda ya fi su siranta nesa ba kusa ba, amma ya fi su tauri da tsada. Sai na ƙarshe, wanda fenti ne kawai aka fesa, shi ne wanda farce ma kan ɓare.

Ko wanne ne naki, dalilin rashin sheƙinsa ɗaya ne. Fuskarsa ba sumul take ba, tana da ƙananan tudu da kwari da ido ba ya gani, su ne ke watsa haske ya ƙi dawowa ido kamar madubi. Duk abin da ya goge waɗannan tudu ya baje su, wurin zai yi ƙyalli, kuma babu maganin da zai mayar da su. Farin famfo mai sheƙi ya fi jure dirza, shi ya sa hannunmu ya saba da ita. Wannan kuwa dirzar ce ajalinsa.

Mene ne farin tabon?

Ba datti ba ne. Ruwan rijiya da na burtsatse kan biyo ta cikin ƙasa da duwatsu, ya narko da sinadarin kalsiyam da magnesiyam. Idan ɗigo ya tsaya a jikin famfo ya bushe, ruwan ya tafi, su kuwa su zauna a matsayin farin alli. Shi ne dai farin ɓawon da kike gani a cikin butar dafa shayi. A kan farin famfo ma yana nan, baƙin ne kawai yake tona masa asiri.

Masana ruwa suna auna shi da miligiram a kowace lita: ƙasa da 60 ruwa ne mai laushi, abin da ya haura 120 mai alli ne sosai, in ya wuce 180 kuwa abin ya kai maƙura. Ba sai kin je ɗakin gwaji ba. In sabulu yana wahalar kumfa a gidanku, in butar shayi tana yin ɓawo cikin 'yan makonni, kin san irin ruwan da kike da shi. Mutanen da ke zaune a kan ƙasar farar ƙasa, kamar yankin Kalambaina a Sakkwato inda ake haƙo dutsen siminti, sun fi kowa sanin wannan.

Ki lura kuma, tabon ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai danƙo-danƙo, launin toka, wanda sabulun wanka ke haifarwa in ya haɗu da allin ruwa. Wannan sabulun wanke-wanke na ruwa yana fitar da shi. Akwai mai kaushi, wanda in kin shafa yatsa za ki ji kamar gishiri ya bushe, shi ne allin zalla, kuma sabulu ba ya narkar da shi, sai abu mai tsami. Akwai ja-ja kamar tsatsa, wanda ke zuwa daga ruwa mai ƙarfe ko tsohon bututu. Ki gane wanda kike fama da shi kafin ki ɗauki komai.

Kayan aikin ba su da yawa

Tsumma 2 masu laushi, irin na maikurofaiba da masu wankin mota ke goge gilashi da shi. In babu, tsohuwar singiletin auduga da ta sha wanki ta wadatar, ki dai yanke ɗinkin bakinta. Ɗaya na jiƙawa, ɗaya busasshe. Ki ware su, kada a goge tayil ko taga da su, domin ƙwayar yashi ɗaya da ta maƙale a zare ta isa ta ja layi. Sai sabulun ruwa na wanke-wanke, da burushin haƙori na yara mai laushin gashi, da auduga, da lemun tsami ko garin sitirik asid da ake samu wajen masu sayar da kayan haɗa sabulu da kayan kek.

Aikin kullum

Shi ne mafi ƙanƙanta, kuma shi ne kusan dukkan maganar. Bayan an gama amfani da famfon, a goge shi ya bushe. Ruwan da bai bushe a jikinsa ba ba zai bar alli ba. Na san a gidan da ake alwala sau 5 a rana, ga yara, ga baƙi, ba mai iya bin kowane ɗigo. Ni abin da nake yi, na kafa ƙaramar ƙusa kusa da madubi na rataye busasshen tsumman, ina gogewa bayan wankan safe da kuma bayan alwalar isha'i. Ta daren ta fi muhimmanci, don ruwan da ya kwana shi ne ke yin taurin kai. Ki fi ba da hankali ga gindin famfon inda ya haɗu da kwanon wanke hannu, da ƙasan hannun murɗawa, da bakin da ruwa ke fita.

Lokacin hunturu akwai ƙarin sharaɗi. Ƙurar da iska ke kwasowa daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana ɗauke da ɓarɓashin yashi mai tauri. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris, in kin ga famfon ya yi furu-furu da ƙura, kada ki sa masa busasshen tsumma kai tsaye, kamar kin sa masa samfefa ne. Ki fara watsa masa ruwa da hannu ƙurar ta gangare, sannan ki tsane.

Wankin mako

Ki fara ɗauraye famfon da ruwa zalla. Ki zuba ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, kamar rabin lita a ƙaramar roba, ki ɗiga sabulun wanke-wanke ɗigo 3 ko 4. Ki tsoma tsumman ki matse, ki shafe famfon daga sama zuwa ƙasa, hannu sake, kamar mai wanke fuskar jariri. Kada ki tsaya wuri ɗaya kina murzawa a zagaye, ta haka ake yin filin nan mai ƙyalli. Lungun da tsumma ba ya shiga, ki bi shi da burushin yaran a hankali.

Sai ɗauraya, kuma a nan mutane ke gajarta wa kansu. Sabulun da ya rage a jiki shi ma tabo ne in ya bushe. Ki ɗauraye har sai kin daina jin santsi a yatsa, sannan ki tsane da busasshen tsumman, ki bi ƙasan bakin famfon da bayansa inda ido ba ya kaiwa. Duka-duka minti 5 ne.

In allin ya riga ya kama

Nan ne ake buƙatar tsami, kuma nan ne ake buƙatar taka-tsantsan, domin tsamin da ke cin alli yana iya cin rufin in ya yi ƙarfi ko ya daɗe. In kwalin famfon ko takardarsa na nan, ki fara duba abin da masu shi suka ce, don ba bakinsu ɗaya ba. Kamfanin hansgrohe na Jamus, alal misali, ya yarda da maganin wanki mai sitirik asid, amma ya hana mai asid ɗin ruwan khal, da mai bilic, da asid mai ƙarfi irin na wanke masai. Wasu kamfanonin kuma sun yarda da ruwan khal in an sirka shi rabi da rabi da ruwa. Tunda yawancinmu famfon ya zo mana ba takarda ba suna, ni na fi son a bi hanya mafi sauƙi ga rufin, wato sitirik, wanda shi ne dai tsamin da ke cikin lemun tsami.

Ki narkar da babban cokali 1 na garin a lita 1 ta ruwa mai sanyi ko mai ɗan ɗumi. In lemun tsami ne, ki matse ki tace sosai, ki sirka kashi 1 da ruwa kashi 3. Kada ki yi amfani da ruwan zafi, yana ƙara wa tsamin kaifi a kan rufin, kuma yana iya barin wani sabon farin gari.

Kafin komai ki gwada a ɓoyayyen wuri, kamar bayan famfon ta wajen bango. Ki ɗiga, ki jira minti 2, ki ɗauraye, ki tsane, ki duba da hasken waya. In launin bai canja ba, sai ki ci gaba. Ki jiƙa auduga ko gefen tsumma, ki ɗora a kan tabon kaɗai, ba duk jikin famfon ba. Ki duba agogo: minti 2 zuwa 5, kada ya wuce, kuma kada ki bari ya bushe a wurin. Ki ɗauke, ki shafa da tsumma mai laushi, ki ɗauraye da ruwa mai yawa, ki tsane. In da saura, ki sake daga farko. Gara ki yi zagaye 3 gajeru da ki yi 1 mai tsawo. Ɓawon da ya yi kauri a gindin famfo, bayan ya jiƙa sau 2 zai yi laushi, sai ki ture shi da gefen tsohon katin waya na roba da kika naɗe a tsumma. Ban da wuƙa, ban da reza, ban da cokali.

Abu 2 ki kiyaye. Na farko, in famfon a kan dutsen mabul yake zaune, tsami yana cin mabul nan take ya bar masa dishi-dishi, don haka ki rufe kewayen da leda. Na biyu, kada ki fesa kowane irin magani kai tsaye a kan famfo. Feshi yana shiga ramin hannu da mahaɗai inda ɗauraya ba ta kaiwa, ya zauna yana ci a ɓoye. A tsumma ake zubawa.

Akwai wata dabara da ke yawo a intanet, wai a cika leda da ruwan khal a ɗaure a bakin famfo ko kan shawa ya kwana. A kan farin famfo ma kasada ce. A kan baƙi kuwa, da safe za ki iya tarar da layi daidai inda ruwan ya tsaya, sama baƙi, ƙasa toka-toka.

Abubuwan da ba za su kusance shi ba

Soson ƙarfe, da koren gefen soson wanke-wanke, da soson buhu, da toka, da yashi, da hodar dirje tukwane, duk waɗannan kankara suke yi. Man goge baki ma haka, akwai gari mai kaifi a cikinsa, don haka in ya ɗiga a jikin famfo a ɗauraye kafin ya bushe. Farin soson nan mai kama da katifa da ake cewa yana goge kowane tabo da ruwa kawai, shi ma samfefa ce mai laushin gaske. Omo mai gari, in bai narke ba yana karce, in ya narke kuma ya yi kaifi da yawa. Kanwa ma ki bar ta a kicin.

Sai manyan, wato Harpic da Hypo da danginsu. Ba laifinsu ba ne, an yi su don masai da farin kaya. Matsalar ita ce ranar wankin banɗaki, a watsa su a bango da ƙasa a bi da tsintsiya, su fantsama a kan famfo da kan shawa, ba wanda ya lura sai an ga ɗige-ɗigen da ba sa fita. Ki sa a riƙa ɗaure leda a kan famfunan kafin a fara, a cire bayan an ɗauraye. Kada kuma a ajiye buɗaɗɗiyar robar asid a ƙarƙashin kwanon wanke hannu, tururinta kaɗai yana cin ƙarfe.

Tunda maganar ta zo, bari in ɗan kauce. Haɗa bilic da maganin masai mai asid a bokiti ɗaya, wai don wanki ya fi fita, yana tayar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi, kuma banɗakunanmu ƙanana ne, tagarsu kamar tafin hannu. Ko lemun tsami ko ruwan khal kada a haɗa da bilic. Ki faɗa wa yarinyar da ke taya ki aiki, ki faɗa wa 'ya'yanki, ba don famfo ba, don ƙirjinsu.

Kayan kwalliyarmu ma suna da nasu. Man sakin gashi, da rinin gashi, da ruwan goge jan farce, da turaren fesawa, duk suna iya dusashe rufin. Ranar wanke lalle ko dilka, wani ya buɗe miki famfon, ko ki tari ruwa a roba tukuna, don ɓarɓashinsu na karce. Zobe da awarwaro suna bugun hannun famfo ba ki sani ba. Babban mai laifi kuwa shi ne bokitin da ake ratayawa a wuyan famfo ana taran ruwa. Wayar hannunsa tana yanka rufin, nauyinsa kuma yana kwance gindin famfon.

Za ki ji masu cewa a shafa masa man zaitun ko man jarirai ya yi baƙi wuluk. Zai yi, na kwana 1. Man ɓoye tabon yake yi, ba fitar da shi ba, sannan ya riƙe ƙura, ranar da za ki goge kuma ƙurar ce za ta karce. Ni ba na sa masa komai.

In ruwa ya fara fita a warwatse

A bakin famfo akwai 'yar ragar da ke tace ruwa tana gauraya shi da iska. Alli da yashin tanki suna toshe ta, sai ruwan ya rage ƙarfi ko ya riƙa feshi gefe, ya ƙara jiƙa jikin famfon. Duk wata 2 ko 3 ki cire ta. Ki toshe magudanar kwanon tukuna don kada wani abu ya faɗa. Ki gwada kwancewa da hannu, da busasshen tsumma ko safar roba. In ta ƙi, ki naɗe ta da tsumma ninki 3 kafin a sa filaya, kuma a riƙe da sauƙi. Wasu famfunan ragarsu a ciki take a ɓoye, suna zuwa da ɗan makullin roba a kwali, ki adana shi.

Ki jera abin da ya fito yadda ya fito, ko ki ɗauki hoto. Baƙin zoben waje ki ajiye shi gefe, sabulu kawai za a sa masa. Ragar ciki, wadda roba ce, ita za ki jiƙa a ruwan tsamin minti 30 zuwa awa 1, ki bi ta da burushi, ki ɗauraye. Kafin ki mayar, ki buɗe famfon rabin minti ya tofar da yashin da ke cikin bututu. Ki tabbata robar da ke hana yoyo ta koma mazauninta, ki ɗaure da hannu kawai. Kan shawa kuwa, in ramukansa na roba ne, murza su da babban yatsa ruwa na zuba ya isa ya karya allin.

Yoyo, da mai gyaran famfo

Famfon da ke ɗiga ba zai taɓa rabuwa da farin tabo ba. Na zamani mai hannu ɗaya, a cikinsa akwai wasu faifai 2 na tangaran da ke zamewa a kan juna su buɗe ruwa ko su rufe. Yashi ne ke karce su. Danna hannun da ƙarfi ko ɗaure shi da kyauron roba ba ya hana ɗigar, sai dai ya ƙara ɓarna. Zuciyar famfon ake canjawa, wato ɗan gidan da faifan nan suke ciki, kuma yawanci mai faɗin milimita 35 ce ko 40. A rufe ruwa daga makunnin da ke ƙasan kwanon, a cire tsohuwar, a tafi da ita kasuwa don a samo daidai ita. A Kano masu kayan gini na Ƙofar Ruwa, a Abuja na Dei-Dei, nan ake fara nema.

In mai gyara ya zo, ki tsaya a kansa ko maigida ya tsaya. Ki ce masa, "Malam, don Allah a naɗa tsumma kafin a sa sifana." Hannunsa ya saba da farin famfo, haƙoran filaya kuwa sau ɗaya suke cizo. In gini ake yi ko gyara, a bar ɗaura baƙaƙen famfuna sai masu tayil da masu fenti sun gama, har an wanke tayil ɗin, domin da asid ake yawan cire ragowar siminti. In dole sai an ɗaura da wuri, a naɗe da tsumma sannan leda, salatif ya hau kan ledar, kada ya taɓa jikin famfon.

Daga tushe kuma, wanke tankin sama lokaci-lokaci da sa matatar yashi a bututun da ke shigowa gida suna tsawaita ran zuciyar famfo da ragarsa. Amma kada a ruɗe ki, matatar yashi ba ta cire alli, don shi narkakke ne. Mai cire shi wata na'ura ce daban da ake zuba wa gishiri, kuma tana da tsada. In kuna da hita, a bar ta a wajen digiri 60, don abin da ya haura haka yana sa alli saurin kwanciya.

In an riga an karce

Ki fara tabbatarwa karcewa ce. Wani lokacin zobe ko bokiti ne ya bar nasa launin a kan rufin, kuma wankin sabulu yana ɗauke shi. In kuwa ƙarfen ciki ya bayyana, abin da ya rage shi ne a rufe wurin kada ruwa ya shiga ƙarƙashin rufin ya ɗaga shi. Ki wanke, ki bari ya bushe ƙarau, ki samo ɗan baƙin fenti marar sheƙi wajen masu fentin mota, ki ɗiga da tsinken sakace a kan layin kaɗai. Ki bar shi kwana 1 ba ruwa. Alkalamin maka ba ya yi, baƙinsa yana komawa shuɗi-shuɗi kuma ruwa na wanke shi. Filin da ya yi ƙyalli saboda dirza kuwa ba a gyara shi a gida. In a hannun murɗawa ne, ana iya canja hannun kaɗai. In rufin ya fara kumbura yana ɓarewa da kansa, musamman a na tutiya, ƙarfen ne ke ci daga ciki, sai dai sabo. Ranar sayen sabon, ki ɗaga shi ki ji nauyinsa, ki tambayi irin rufin, ki tambaya ko ana samun zuciyarsa a kasuwa, kuma ki karɓi kwalin da takardar da ke ciki.